Uwar Garken da ke Ƙarƙashin Tebur

Ni ban iya ɓoye fushi ba, kuma ranar da takardar nan ta iso cibiyarmu a Kazaure saura kaɗan in yayyaga ta. Lokacin ina koyar da kwamfuta. An ba mu aji na mutum goma sha biyu, masu ajiye katin marasa lafiya a ƙananan asibitoci, mu koya musu shigar da kati cikin rumbun bayanai da nemo shi. Takardar, wadda waɗanda suka ba mu ajin suka aiko, ta ce dole mu mallaki uwar garke, wato kwamfutar da sauran za su riƙa ɗibar bayanai daga cikinta, sannan ta jero irin ƙarfin da ake so. Wallahi jerin nan na banki ne, ba na aji ba. In mai dubawa ya zo daga Dutse bai gamsu ba, a mayar da ajin Kano.

Kano! Biyar daga cikin ɗalibaina matan aure ne, biyu daga Roni, biyu daga Gwiwa, ɗaya daga Babura. Da safe suke zuwa, su koma gida kafin magariba. Wace ce a cikinsu za ta bar yara ta tare a Kano sati shida? Ajin na tashi, takardar shaidarsu ta tashi, aikin ma wani za a ba.

Mai cibiyar dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati. Da ya ji an ce uwar garke, sai ya sa aka kinkimo kwamfutar ofishinsa, mai faffaɗan allo, tana ta sheƙi.

"Malama, ga uwa nan," in ji shi. "Duk gidan nan babu wadda ta kai ta girma."

Na buɗe ta na duba. "Ranka ya daɗe, allon ne babba. Cikinta fayau yake."

Ya haɗe rai. Ni kuma bakina ya riga ya ɗauki zafi, ina shirin ƙara wata maganar, sai wani ɗalibina, dattijo daga Yankwashi mai kiwon shanu bayan aikin asibiti, ya yi gyaran murya.

"Alhaji, a gafarce ni. Mu a wurinmu uwar garke ba mai ƙiba ba ce. Ita ce wadda in ta nufi rafi duk su bi ta, kuma ba ta gajiya a hanya."

Alhaji ya fashe da dariya, ya miƙo mini makullin siton da ake jibge tsofaffin kwamfutoci. Allah ya saka wa mutumin Yankwashi, ya cece ni daga bakina.

A siton na tarar da wata tsohuwar kwamfuta mai loɓaɓɓen gefe. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, ba ta zamani ba ce, amma mutum goma sha biyu ba za su wahalar da ita ba. Ram ne ya yi mata kaɗan, wato tabarmar da take baza aikin da ke hannunta. Na ciro daga matattun kwamfutoci biyu na ƙara mata har giga takwas. Na sa mata faifan ajiya irin wanda ba ya juyi, na bar tsohon a ciki domin kwafe komai kullum in an tashi aji. Allo kuwa ban ba ta ba, me za ta kalla? Na ja waya daga ita zuwa kowane tebur, na haɗa ta da batir saboda ɗaukewar wuta, na ɗora ta a kan bulo biyu, na kunna mata fanka, domin zafin bazarar Kazaure ba ya raga wa kowa.

Mai dubawa ya zo da jerinsa a hannu. Ya tambayi inda uwar garken take, na nuna masa ƙarƙashin tebur. Ya leƙa, ya ɗago yana murmushi.

"Hajiya, wasa kike yi?"

"Yallaɓai, ƙirga ɗalibaina. Goma sha biyu ne, ba dubu ba. Gwada ta kafin ka raina ta."

Ya ce kowa ya shigar da kati, su danna a lokaci guda. Suka danna. Kafin ya gama gyara tabarau duk sun shiga. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan aka ɗauke wuta. Allunan ɗalibai suka mutu gaba ɗaya, ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin tsohuwar a ƙarƙashin tebur.

Da aka tayar da janareto, ya nuna ɗaya daga cikin matan Gwiwa, ya ce ta nemo katin da ta shigar. Ta rubuta lambar. Ga shi nan, ko harafi bai ɓace ba. Ya sa hannu a takardar amincewa a tsaye. Ni kuwa sai da na fita waje na share hawaye, don kada ɗalibai su samu abin tsokanata.

Bara na kai innata wani ƙaramin asibiti a Roni, mun manto katinta a gida. Matar da ke bayan kwamfuta ta tambayi sunanta da unguwa, nan take ta nemo shi. Sai ta ɗago kai ta ƙura mini ido.

"Malama! Uwar garke tana nan kuwa?"

Na ce tana nan, a kan bulonta. Inna ta juyo tana tambayata yaushe na fara kiwo. Na ce mata, "Inna, ai ga ɗaya daga cikin garken nan a gabanki."