Hajiya Murja da Gidan Bakin Rafi

Shekara talatin da ɗaya Hajiya Murja ta yi tana kula da fayil-fayil a wata ma'aikatar tarayya, kuma ba a taɓa cewa takarda ta ɓace a hannunta ba. 'Yar Funtua ce. Ta zo Abuja tana amarya, lokacin mijinta Malam Abdulmajeed yana tuƙa motar wani darakta. Su biyu suka lallaɓa suka gina gida mai ɗaki uku da falo a can bayan Nyanya, inda unguwa take gangarawa zuwa wani ɗan rafi. Tun duku-duku take fita ta shiga cunkoson hanyar gari, ba ta dawowa sai magariba. A haka ƙuruciyarta ta ƙare. Mijin ya rasu, ɗanta ɗaya tilo, Fatihu, ya yi aure a Kaduna, ita kuma ta yi ritaya ta zauna ita kaɗai.

Rafin bai taɓa damun kowa ba sai daminar bara. Wata Juma'a bayan la'asar, tana tsince shinkafa, ta ji wani gurnani ta bayan gida kamar tirela tana sauke yashi. Kafin ta miƙe, ƙofar kicin ta ɓalle. Jan ruwa ne ya shigo, ɗauke da ledoji da karare. Sai da maƙwabciyarta Angela, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, ta zo da mijinta suka jawo ta waje, ruwan yana dukan ƙugunta. Da ya janye, ya bar layi a bangon kowane ɗaki, madaidaici kamar an ja da rula.

Fatihu ya kafe. "Umma, ki sayar ki taho. Ba za ki sake damina a gidan nan ba."

Da rani ya yi nisa ta kira wani dillalin gidaje mai suna Andrew. Ya shigo, ya shaƙi iska, ya ɓata fuska.

"Hajiya, gidan nan yana warin ruwa. Duk oga da ya shigo ya ga wannan layi, ko zama ba zai yi ba. Akwai masu gyaran gida don masu saye, bari in haɗa ki da su."

"Hannuna lafiya ƙalau yake," in ji ta. "Ni zan gyara."

Haka kuwa ta yi. Ta ɗaura zane a ƙirji ta kankare filastar da ta kumbura, ta cike ramuka da siminti, ta shafa fenti mai launin madara har sau uku, domin bayan shafi biyu layin yana nan yana leƙowa. Ta je kasuwar Utako ta yanko labule mai ruwan ƙasa. Ta sauke hotunan aurensu da takardar yabon da aka ba ta ranar ritaya, ta zuba a kwali, don Andrew ya ce mai saye ba ya son ganin fuskar wasu a gidan da yake mafarki. Kujerunta sun riga sun ruɓe, sai ta aro na Angela. A ɗakin baya akwai wurin da damshi ya ƙi bushewa, nan ta tura durowar kaya ta rufe. Ta sa kafinta ya canja ƙofar kicin. Kullum da safe ta kunna turaren wuta, ta buɗe tagogi.

Abin da ya ba ta mamaki shi ne daɗin da ta ji. Tun da aka gina gidan bai taɓa yin kyau haka ba. Takan tsaya a bakin ƙofa ta kalli falon kamar baƙuwa, har ta ji ita ma da za ta saya.

Wata safiya tana jera tukwanen fulawa a bayan katanga, sai ga Hammawa, wani dattijon Bafulatani da shekara da shekaru yake ratsa rafin da shanunsa. Bayan sun gaisa ya jingina da sandarsa, ya daɗe yana kallon sabon fentin.

"Hajja, kin hau sama kwanan nan? Wajen fadama?"

Ta ce ba ta je ba.

"Babu fadamar. Sun cike ta da jar ƙasa, sun ja katanga, gidaje ake yi. Bara ruwa ya rabu biyu, rabi ya kwanta a can, rabi ya zo muku. Bana hanya ɗaya gare shi." Ya nuna ƙofar kicin ɗinta da haɓa. "Ni dai na ɗauke ruga, na koma kan tudu."

Ta yi masa godiya. Da ta koma ciki hankalinta yana kan maganarsa, har ta zubar da garwashin turare a kan sabuwar leda.

Masu saye suka fara zuwa. Wasu su ce hanya ta yi nisa, wasu su ce za su kira. Ƙarshen Afrilu, ranar da hadarin farko ya fara taruwa ta gabas, Andrew ya kawo wani matashi mai suna Kabir, ma'aikacin gwamnati da aka yi wa canjin aiki daga Gombe, tare da matarsa Rumaisa da 'yarsu mai koyon tafiya. Rumaisa tana shiga ta ce, "Kai, Mama, gidanki ƙamshi!" Ta shafa labule, ta leƙa ɗakuna, tana ta kiran mijinta ya zo ya gani.

Kabir ya tsaya a taga yana kallon gangaren. "Wannan rafin fa? Ruwa yana damun ku?"

"Ko kaɗan, oga," Andrew ya amsa da sauri. "Dubi bango da kanka."

Hajiya Murja kuwa idonta yana kan yarinyar, wadda ta rarrafa ta dafa bango ta miƙe tsaye tana dariya. Ita ta shafa fentin nan, ta san daidai inda layin yake. Ya fi kan yarinyar da kusan taƙi biyu.

A ɗakin baya Rumaisa ta ce, "Nan zan sa gadonta. Ya fi sanyi."

"'Yata," in ji Hajiya Murja, "kama mini durowar nan mu matsar."

Suka tura. Bangon baƙi ƙirin ne da gansakuka, wari ya buso musu. Ta faɗa mata komai, har da maganar Hammawa. Rumaisa ta sunkuya ta ɗauki 'yarta ta rungume, ta ce, "Allah Ya saka da alheri, Mama," da wata murya ƙasa-ƙasa. Ko ruwan da aka kawo musu ba su sha ba.

Andrew ya dawo daga rakiya yana huci. "Hajiya, kin kashe kasuwa da bakinki! To me ya sa kika sha wahalar fenti?"

Ita ma ta tambayi kanta.

Mako biyu babu wanda ya zo. Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu, rafin ya fara magana. Fatihu yana kira safe da yamma. Sannan Andrew ya zo da wani Alhaji Yamusa, mutum mai ƙiba da ƙaramar murya, wanda ko takalmi bai cire ba. Tun kafin ya zauna ta ce, "Alhaji, gidan nan ruwa yana shigarsa. Bara har ƙuguna. Bana an ce zai fi."

Ya gyaɗa kai kamar ta ce masa ana zafi. Bai kalli labule ba, bai kalli fulawa ba. Taku ya yi ta yi daga wannan bango zuwa wancan, leɓensa yana motsi.

"Kin kyauta da kika faɗa, Hajiya. Amma ni ba zama zan yi ba."

"Rushewa za ka yi?"

"Allah Ya kiyaye. Gida mai kyau haka?"

Ta so ta ƙara tambaya, ta kuma san amsar. Kwana uku tana juya maganar, tana gaya wa kanta cewa ita ta fita haƙƙi, ba ta ɓoye komai ba. A rana ta huɗu aka yi ruwan da ya taɓa dokin ƙofar kicin. Ta sa hannu a takarda.

Yanzu tana Kaduna, a ɗakin da Fatihu ya ware mata, jikoki suna hawa jikinta. Kowa ya ce ta huta. Amma duk bayan kwana biyu sai ta kira Angela, kuma a wayar ne ta ji yadda aka raba falon kashi biyu da bulo, aka fasa ƙofofi ta waje, har kicin aka mayar ɗaki. Ƙofa shida, duk 'yan haya sun kama cikin mako guda.

"Kin gaya musu?" ta tambaya ranar wata Talata da hantsi, a farkon Yuli.

"Na gaya musu, Mama Fatihu, ɗaya bayan ɗaya. Suka ce to ina za su je? Wai ba su taɓa samun ɗaki mai tsabta haka a Nyanya ba."

"Ɗakin baya fa?"

"Wata mai ɗinki ce. Yara uku, da tsohuwar uwarta da ba ta iya tafiya." Can Angela ta ce, "Bari in kwashe shanya, gari ya yi baƙi ta wajen sama. Zan kira ki."

Hajiya Murja ta ajiye wayar a cinyarta. Surukarta ta leƙo ta ce abinci ya sauka, ta ce a rufe mata, ba yanzu ba.