Ranar da Akawu Ya Kulle Kansa a Waje

Akawu muke ce masa a layinmu, ko da yake rabonsa da aikin akawu an daɗe. Da tafireta ya fara, a wani ɗan shago kusa da kotu, yana buga wa mutane takardu. Da yayin tafireta ya wuce, sai ya koyi kwamfuta. A hankali ya zama shi ke kula da intanet na wani kamfanin magunguna mai rassa da yawa.

A kowane reshe akwai wani ɗan akwati mai ƙifta fitilu, getwe suke ce masa. Shi ne ƙofa tsakanin kwamfutocin ofis da duniyar waje. Samarin yanzu hotuna suke dannawa su saita shi. Akawu kuwa baƙin allo yake buɗewa daga falonsa, ya rubuta umarni layi-layi, yana dukan maɓallan kamar sun yi masa laifi.

Wata la'asar na shiga gaishe su, na tarar da falon cike da kaya. 'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, za ta tafi jami'a washegari, kuma ya yi alkawarin shi zai kai ta da kansa. Alkawuran Akawu a gidan nan, aiki ya sha cinye su. Ba zan ce komai a kan wannan ba.

Saura aiki ɗaya, in ji shi: zai ƙara wa getwe na reshe mafi nisa tsaro. Ka'idar ita ce ka fara rubuta waɗanda aka yarda su shiga, har da kai, sannan ka rufe wa kowa.

“Baban yara, ina bokitin da na ce ka sayo mata?” matarsa ta tambaya daga kicin.

“Yana but ɗin mota!” ya amsa, hannunsa bai tsaya ba.

Sai na ji dukan maɓallan ya ɗauke. Ashe layin rufewa ya fara bugawa, tun bai shigar da kansa ba. Akwatin, da yake shi ba ya gardama, ya rufe wa kowa, har da mai ba shi umarni. Reshen kuwa tafiyar yini guda ce, kuma da safe ma'aikata za su zo su tarar ba intanet.

Uwata ta dubi fuskarsa, ta ajiye rigar da take ninkewa. “Shi ke nan, Baba. Zan bi motar haya.”

“Tsaya tukuna,” ya ce. “Ban adana ba.”

Ya bayyana mana cewa muddin ba a adana sabon saiti ba, in aka cire wa akwatin wuta aka mayar, tsohon saitinsa zai tashi da shi. Hannu ɗaya kawai ake bukata a can. An tashi daga aiki, sai wani tsoho mai gadi. Ya kira shi, ya buɗe muryar wayar.

“Baba, ni ne. Ka shiga ɗakin akwatin nan ka zare masa wuta, ka mayar.”

“A'a, ranka ya daɗe. Kai ka ce ko wa ya kira kar in taɓa.”

“To ai ni ne na ce.”

“Na sani. Ka ce ko da kai ne. Ka ce 'yan damfara sun iya kwaikwayon murya.”

Matar Akawu ta leƙo tana dariya har da riƙe ciki. “Ka koyar da ɗalibi, ga shi ya ci jarrabawa.”

Akawu ya lallaba, ya rantse, ya kwatanta ɗakin har da tsintsiyar bayan ƙofa. Tsoho ya ce ɓarawo ma yana iya sanin tsintsiya. Sai Uwata ta karɓi wayar.

“Baba, ina wuni? Ni 'yarsa ce. Gobe zan fara jami'a, shi zai kai ni. In ba ka zare ba, wajenka zai taho.”

Sai tsohon ya tambaye ta:

“Karatun me, 'yata?”

“Haɗa magunguna.”

“Madalla. To, don ke. In an kore ni, ke za ki ɗauke ni gadi.”

Muka ji takunsa, muka ji ƙarar ƙofa. Da farko wutar firij ya zare, aka gyara masa, sannan ya zare ta akwatin ya mayar. Akawu ya zuba wa allon ido, yana ta gwada shiga. Can sai akwatin ya nemi kalmar sirri.

Wannan karon da yatsa ɗaya ya buga, yana karanta kowane layi a bayyane. Ya shigar da kansa, ya rufe wa saura, ya gwada, sannan ya adana.

Da safe ina shara a ƙofar gida suka wuce, katifa ɗaure a saman mota. Uwata tana gaba kusa da shi, ta sa wayarsa a jakarta ta zuge.