Kawu Isuhu da miliyan ɗaya da uku

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Urafane hannun Kawu Isuhu ya san ba ya ganin lamba ya ƙyale ta. Ko ta gindin mota ce sai ya tsaya, ya karkata hula, ya yanke mata hukunci: "Wannan mai rabuwa ce, ba ta da zuciya!"

Tauraruwarsa kuwa miliyan ɗaya da uku. Wai ita ce ta farko bayan miliyan da babu lambar da ke raba ta daidai, sai ɗaya da ita kanta. Don ya tabbatar, shekarar fari ya ɗauki gawayi ya bi jikin rumbu yana raba ta da lamba bayan lamba. Matarsa, Inna Rabi, ta fito riƙe da ƙwarya.

"Malam, ciki ba ƙwayar hatsi, kai kana yi wa waje ado?"

"To ai gara ba ta cin lissahi, Rabi."

"Mu ma haka!"

Akwai wani maƙwabcinsa da ya yi wa farar hula kirari, soja na hawa ya juya ganga. Kawu ya laƙaba masa Dubu Ɗari Bakwai da Ashirin da Ɗari Bakwai da Ashirin. Muka ce kai Kawu, wannan suna ko igiyar rijiya? Ya ce, "Daga ɗaya har sha shida, kowa ya zo raba ta yake. Ba ta taɓa ce ma kowa a'a ba." Bawan Allah har ya mutu yana zaton yabo ne.

Babbar ita ce ranar da wani kaftin ya tara gari, ya ce kowa ya shaida babu yunwa a nan. Kowa ya sunkuyar da kai, Kawu ya miƙe.

"Akwai ta, ranka shi daɗe. Da ita na kwana."

Kaftin ya zaro ido, ya kira shi yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci: "Mushe, zan raba ka biyu!"

"Bisimilla. Ni miliyan ɗaya da uku ne. Ka raba biyu, saura ɗaya. Ka raba uku, saura ɗaya. Wannan ɗayan shi zai ci gaba da cewa akwai yunwa."

Wayyo! Inna ta ɗora hannu a ka. Ba a daɗe ba aka tura shi koyarwa can cikin rairayin Hawandawaki, wai horo. Ya hau amalanke yana ɗaga mana hannu kamar mai tafiya Makka.

Sai da ya rasu Inna ta gaya mini yawan azumin da ya riƙa yi a can ba na nafila ba ne kaɗai. Furarsa yake miƙa wa ɗaliban da suka zo ciki wayam.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya ciyar da shi daga abincin Aljanna. Amin.