Kashe-Ruwa da Huhun Matarsa

A ofishin 'yan kwana-kwana babu wanda ake tsine wa kamar Kashe-Ruwa, kuma babu wanda zagi bai dame shi ba kamarsa. Shi ba ya riƙe mesa, ba ya hawa tsani. Tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai, wurinsa ɗaya ne, bayan mota, hannu a kan injin ruwa. Da ya ga hayaƙi ya yi fari sai ya murɗe famfo, samarin da ke gaba su juyo suna kumfar baki.

"Baba, sake mana ruwa mana!"

"Wuta ta mutu, ku kuma za ku kashe gidan," in ji shi. "Silin ɗin nan ya sha ya ƙoshi. Ku ƙara masa, ya faɗo muku a ka."

Mutum ne mai surutun tsiya, in ya yi dariya har masu shago na tsallaken titi sai sun leƙo. Mutum ɗaya ce ke iya rufe masa baki, matarsa, tela, wadda faɗanta ya fi kekenta sauri.

To ita ce mura ta kama. Aka ce mura ce, za ta wuce. Sati ya zagayo, zazzaɓi ya ƙi sauka, numfashi ya fara gagara, har ta kai ba ta iya haɗa kalma biyu sai ta tsaya ta ja iska. Aka kwantar da ita a asibiti da abin oksijin a fuska. Kashe-Ruwa ya tsorata, tsoron da wuta ba ta taɓa ba shi ba.

Likita ta ja shi gefe ta ce, "Baba, za mu fara ba ta maganin da zai rage ƙarfin garkuwar jikinta."

Ya yi tsalle kamar ya taka garwashi. "Ku rage? 'Yata, kin ganta kuwa? Ai ƙari take nema!"

"Saurara, Baba. Ƙwayar cutar ta riga ta ja baya. Garkuwar ce ta ƙi tsayawa, tana ta kai hari, huhu ya kumbura ya tara ruwa. Yanzu jikinta ne ke yi mata ɓarna."

Nan take idonsa ya buɗe, ya tafa hannu har nas ta harare shi.

"Wato wuta ta mutu, yara suna ta feshi!"

Likita ta yi dariya. "Kusan haka. Amma ba kashewa gaba ɗaya za mu yi ba."

"Wa ya ce gaba ɗaya? A hankali ake murɗawa, ido na kan hayaƙi. Yi aikinki, 'yata, yi maza!"

Aka fara allura, ana kwantar da ita rub da ciki don huhu ya sami sarari. Ba a yini ɗaya abin ya juya ba. Kashe-Ruwa ya tare a baranda, duk mai jinyar da ya zauna kusa da shi sai ya sha lacca kan garkuwar jiki, har mai shara ta koma zagayawa ta wata ƙofa.

Wata safiya nas ta leƙo ta ce an cire mata abin fuska. Ai kafin ta rufe baki ya faɗa ɗakin, takalmi ƙafa ɗaya, yana ihu, "Maman yara! Maman yara!"

Ta ɗago kai daga matashi ta ƙare masa kallo.

"Haba Baban yara, nan asibiti ne ko tasha, kana ta ihu kamar an ce maka gobara ake, ga mutane kwance ba su da lafiya, ga rigarka kamar an ƙwato daga bakin kura, wa ya ce ka fito haka ka ba ni kunya?"

Ya tsaya cak. Duk wannan a numfashi ɗaya ta zubo shi, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Ya zube bakin gado, yana dariya hawaye na bin gemunsa.

"Ci gaba," ya ce. "Don Allah kar ki tsaya, ƙara min."