Waken Mahaifiyata

Da aka kawo ni aure Durun daga Getso, cikin kayana har da wata 'yar tukunya da mahaifiyata ta liƙe wa baki da laka. Irin wakenmu ne a ciki, kwance cikin toka, fari mai baƙin hanci. Kowace kaka nakan zaɓi manya in mayar, in liƙe sai damina. Har yau in na lumshe ido ina ganin furensa da hantsi, yana rarrafe a gindin dawa, raɓa na ɗiga.

Shekarar da aka ce Shari'a ta dawo mun yi guɗa, mun ɗauka mudu zai cika, na sama kuma za su daina yi mana ƙarya. Shekaru suka shuɗe, tsada ta zo ta shimfiɗa tabarma. Sai ga babban ɗana da wani iri a leda, wai na gwamnati ne, malamin gona ya ba shi, tsutsa ba ta taɓa shi a gona.

Na ce, "Abin da tsutsa ta ƙi, shi za ka zuba mini a alala?"

Ya ce, "Inna, masu ilimi sun gwada shi."

"To su ci mu gani. Takin da suka yi mana alkawari ma yana hanya tun kana goye."

A gidan biki mata na ta faɗa, wai yana hana haihuwa, wai ba ya tsira sau biyu. Ni ban ce na sani ba. Cewa na yi ƙwari za su raba mu, tunda su ba sa karɓar albashi. Na fasa liƙin tukunyata da bazara, na tankaɗe tokar, na juye irin gaba ɗaya a faifai don maƙwabta su ga kyansa. Na ɗana ma na ɗebi kaɗan na zuba a wani faifan, na ajiye su a buɗe cikin ɗaki. Kwana uku na yi niyya.

Washegari aka aiko 'yata ta haihu a Gwarzo. Na tafi wankan jego, sai da aka yi arba'in.

Da na dawo, ƙwari ba su bar ko faifai ɗaya ba, nawa da na gwamnati duk sun huda. Na taɓa nawa, gari ya tashi. Ɗan nawa ya soma dariya, da ya dubi fuskata sai ya tsugunna, muka yi ta tsince ƙwayoyin wakena masu rai. Ba su cika tafin hannu ba.

Ya shuka nasa a gona, na shuka nawa a bayan ɗaki, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Tara suka fito. Nasa ban ci ba, nawa kuma ban isa in taɓa ba, duk iri ne. Shekara biyu wake bai shiga bakina ba, sai a kaka ta uku na ɗebi na dafuwa ɗaya.