Fararen ɗigo a hoton Jibrilla

Litinin, 5 ga Mayu 2025, ina tashar Gidan Rumji ina jiran motar Maraɗi da takardun buro, wato ofis. Kusa da ni wani Bafillatani ne zaune, dogo, siriri, da malafa. Na ji ɗan kamasho ya kira shi Jibrilla. Sandar kiwo ce a hannunsa, amma ba ya saɓa ta a kafaɗa, dogarawa yake yi da ita. Takalminsa na hagu ya saɓule, ƙafar tana kan yashi mai zafi, bai sani ba.

Yana zaro wani baƙin hoto daga babban ambulan, yana ɗaga shi ga rana. Hoton ƙwaƙwalwarsa ne, da fararen ɗigo warwatse. Ya ce mini Yamai za shi a ɗauki sabo, lokotoro ya gwada da wannan. In ɗigon sun ƙaru, ciwon da ke cin jijiyoyinsa ya ci gaba, shi da bin shanu sai labari.

Ɗan kamasho ya leƙo. "Baffa, farfarun shanu ke nan ka ɓoye a ka? Allah ya sa su hayayyafa!"

Jibrilla bai yi dariya ba, bai kuma ji haushi ba. "Kar ka sa in ce amin, yaro. Wannan garken, roƙona ya tsaya yadda yake."

Da damina ta faɗi na tambayi ɗan kamashon. Ɗigon ba su ƙaru ba, ƙafar ma ba ta farfaɗo ba. Ƙanensa ne ya kora shanun arewa. Jibrilla yana ruga, wajen mata da tsofaffi.