Matar da ke kiwon ƙwayoyin cuta

To, takarda ta fito fa, ruwan rafinmu ya ci gwaji! Ga 'yata a goye. Ku tsaya ku ji wadda ta yi aikin, Gwaggo Mai Takalmin Roba, don ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Shekara goma sha ɗaya, kullum da sassafe tana bakin kududdufai ukun nan na ƙasan ramin haƙar ma'adinai. Ruwa na gangarowa ja wur kamar tsatsa, ko akuya ba ta kai baki. Ita kuwa ta zuba garin katako da kashin shanu, ta tsoma abin awonta, ta sunkuya ta shinshina.

Bara aka kusa yin ɓarna. Ɗan maƙwabciyarmu ya kwanta ciwo, kududdufan kuma suna warin ruɓaɓɓen ƙwai. Aka tambaye ta me take kiwo a ciki, ita ba ta iya ƙarya ba, ta ce ƙwayoyin cuta. Kafin azahar maza sun fi talatin, kowa da shebur, za su binne wurin. Har da maigidana. Ni ma da tsohon cikina ina bayansu, ba zan ɓoye ba.

Ta faɗa ruwan har gwiwa ta tsaya.

"Gwaggo, fito," in ji maigidana. "Kada mu haɗa da ke."

"Sai dai ku haɗa ɗin. In kun binne su, jan ruwan nan rafi zai zarce. Da shi za a yi wa jaririnka wanka."

"Da bakinki kika ce cuta ce."

"Suna ne ya cuce su, ɗana. Gubar suke cinyewa. Warin nan gyatsarsu ce."

Ba wanda ya yi dariya. Wani ya watsa ƙasa, ta sauka a kafaɗarta, ko gezau. Ta miƙa wa maigidana kwalba biyu, ta ce ya ɗebo na kududdufin farko da na ƙarshe da hannunsa. Ya ɗago su. Ɗaya ja, ɗaya garau. Sai ya jingine shebur. Ɗan maƙwabciyar kuwa ashe zazzaɓin sauro ne.

Gwaggo, ke ce kika tsaya mana ranar da mu muka zo binne ki. Ki yafe mana. Allah Ya saka miki, Ya huta gajiyarki.

Amma fa har yau ba a samu mai karɓar aikinta ba, kuma waɗannan halittu kullum sai an ciyar da su. Don Allah ku tura wa duk mai ɗa ko 'yar da ta gama makaranta, saura kwana tara.